Yadda Ƙafata Ta Shiga Jarrabawar Amurka

Tun da na dawo daga Amurka da sanda a hannu ban huta da tambaya ba. A asibiti a tare ni, a gidan biki a tare ni, har mai sayar mini da kayan miya sai da ya ce, "Sista, wai da gaske ne ƙafarki ta ci jarrabawar Turawa?" Labarin ya yi ta yawo a bakin mutane har ya yi rassa. Wasu na cewa mota ce ta buge ni, wasu na cewa ƙanƙara ce ta kayar da ni. To ga shi na zauna na rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa.

Sunana Hauwa, a gida Kulu, a asibiti Sista Kulu. Shekara ashirin da 'yan kai ina aikin jinya a Kano, kuma waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashina sun san ba na ɗaukar sakarci. Ƙanwata Rabi ce ta sa ni wannan tafiya. Ita ma nas ce. Ta bi mijinta Malam Sani da ya tafi ƙaro ilimi a wani gari da ake kira Greensboro, a jihar North Carolina, zama ya kama su a can. Yarinyar da na goya ta yi ta karatu har ta zama shugabar wani gidan kula da tsofaffi.

Sai na ɗan yi bayani a nan, don duk labarin a kan wannan ya rataya. A can ba a ba mutum riƙon gidan tsofaffi don ya san wani. Sai ya ci jarrabawa an ba shi lasisi. Tambayoyin kuwa ba daga kan wani malami suke fitowa ba. Akwai takarda da aka jera fannonin da dole shugaban gida ya sani: kula da tsofaffin, tafiyar da ma'aikata, sha'anin kuɗi, lafiyar gini da matakan gobara, da dokokin aikin. Ƙarƙashin kowane fanni akwai layuka. Abin da ba ya cikin takardar nan ba a tambayarsa a jarrabawa, abin da ba a tambaya kuwa, mu da muka koyar da ɗalibai mun sani, ba mai karanta shi. Sai an ɗauki shekaru kafin a sake duba takardar, a cire abin da ya tsufa, a ƙara abin da zamani ya kawo. Masu riƙe da gidajen ake zaɓowa su yi wannan aiki, kuma a wannan karon har da Rabi a kwamitin.

Wasiƙarta ta ce: "Yaya, ki zo ki yi hutunki a wurinmu. Satin da za ki iso ne za mu yi zama na ƙarshe. Akwai layi ɗaya da nake so ya shiga takardar, sun ƙi shi a zaman farko. In ya sake faɗuwa, shi ke nan sai bayan shekaru. Ba sai kin yi komai ba, in na dawo gida in ga fuskarki ya ishe ni." Rabi ba ta iya roƙo ba tun tana ƙarama. Da na ga haka na nemi hutu.

Biza sai da na je Legas. Na shiga layi da sassafe, a gabana wani ɗan kasuwa yana ta haddace amsoshi yana rufe ido. Da na isa taga, Baturiyar ta tambaye ni me zai sa in dawo Najeriya. Na ce mata ina da nas talatin waɗanda in na yi wata biyu ba na nan za su mai da ɗakin haihuwa kasuwa. Ta yi dariya ta buga hatimi. Mai haddar kuwa na gan shi a bakin ƙofa yana fifita da fasfo, ban tambaye shi yadda aka ƙare ba.

Lokacin ba jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Amurka, sai an yada zango a Turai. Na cika jaka da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji da kilishi. Maigidana Alhaji ya ce in rage, na ce masa ba shi zai ɗauka ba.

A filin jirgin da muka yada zango ne abin ya faru. Akwai matattakalar nan mai tafiya da kanta. Na san ta, na hau ta a Jidda lokacin aikin Hajji, don haka ban ba ta girmanta ba. Jaka a dama, ledar tsaraba a hagu, ina kallon allon jirage maimakon in kalli ƙasa. A wajen sauka gefen zanina ya maƙale. Na fizga, ƙafar hagu ta gurɗe, na ji wani abu ya ce ƙas a idon sawuna. Ni nas ce, na san wannan ƙara sarai. Amma na ce wa raina targaɗe ne.

Wata mata ce ta ɗaga ni, Hajiya Memuna 'yar zangon Kumasi, mai zuwa wurin ɗanta a New York.

"Wayyo Hajiya, sannu! Yaya ƙafan?"

"Da sauƙi," na ce, alhali wuta-wuta nake gani.

"Allah shi ƙara sauƙi."

Ta ɗauki ledata, na dafa kafaɗarta, muka lallaɓa har jirgi. Hanya duk ita ke ba ni labarin surukarta, ni kuwa ina cije leɓe ina cewa "ikon Allah" a inda ya dace da inda bai dace ba.

Da muka sauka Amurka, wani kare mai sanye da riga ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Ma'aikacin kwastan ya buɗe. Kilishi ya ce ba ya shiga, nama ne, ya jefa shi a wani kwando ina ji ina gani. Kilishin da na aika har Agadasawa aka yi mini! Ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya taku biyu. Ya tambaye ni ko ta lalace ne. Na ce masa yanzu ta yi daidai. Ya ɗaure da kansa ya miƙo mini da yatsu biyu, ya ce in tafi.

Jirgi na uku ƙarami ne, yana ta rawa a iska, shi ya kai ni Greensboro. Rabi da Malam Sani na jirana. Muka rungume juna muka yi kukanmu, sannan ta ja baya ta dube ni.

"Yaya, ɗingishi kike yi."

"Na ɗan gurɗe a hanya. Da sauƙi."

Na so in faɗa mata gaskiya. Amma na ga ta rame, na ga kujerar bayan motar cike da takardu, har da biro a maƙale a ɗankwalinta ba ta sani ba. In na yi magana, za ta ajiye aikin da ya hana ta barci ta yi ta zarya da ni asibiti. Na ce bari satin ya wuce. A ɗakin da suka sauke ni na shafa man zafi, na naɗe ƙafar da bandeji, na ɗora safa mai kauri na ce sanyi nake ji. Zanina dama har ƙasa yake. Salla kuwa sai in turo ƙofa in yi ta a zaune a bakin gado.

Gidansu a wani jerin benaye yake kusa da babban titin da ake kira Wendover. Titin nan motoci ne kawai, dare da rana. Kantuna a jere, kowanne zai haɗiye Kantin Kwari a ƙarƙashin rufi ɗaya, amma ba mai talla, ba mai shayi, ba ko mutum ɗaya a ƙafa. Na tambayi Malam Sani ina mutanen garin suke, ya ce suna cikin motocin. Abin da ya fi ba ni haushi gaisuwarsu. Mutum zai dube ka ya washe baki ya tambaye ka yaya kake, kafin ka buɗe baki ya kai ƙarshen layi. Rana ta farko na tsaya zan amsa wa wata mata dalla-dalla, har zan tambaye ta mutanen gida, sai na ga ni kaɗai nake magana da kwalin madara.

Abinci ma na ga abu. Sun kai ni wani gidan cin kifi, aka kawo shayi a kofin gilashi cike da ƙanƙara, zaƙi kamar a ɗebo da cokali. Aka kawo wasu dunƙule-dunƙule na garin masara, 'yan uwan ƙosai ne da ba su samu tarbiyya ba. Sai kuɓewa, an yanka an tsoma a gari an soya ta ƙarau, ba yauƙi ko kaɗan. Na ce wa Rabi duk wanda ya raba kuɓewa da yauƙinta ya zalunce ta. Na cinye farantin dai, har na ɗebi na Malam Sani.

Kwana uku da zuwana Rabi ta tafi da ni wurin aikinta. Gidan yana gabas da gari, wajen McLeansville, inda gidaje suke ɗai-ɗai a tsakanin gonaki. A hanya na ce ta faɗa mini wane layi ne wannan da ya hana ta ƙiba. Sai ta ce:

"Akwai wani tsoho a wurinmu, Baba Isuhu, mutumin Maraɗi. Ɗansa ne ya kawo shi ƙasar nan, shi kuma direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu a hanya. Baba na da ciwon suga. Bara wani ƙurji ya fito masa a ƙafa. Kullum da safa, kuma ba ya so mace ta taɓa shi. In nas ta tambaye shi jiki sai ya ce da sauƙi. Ɗan ya riga ya koya musu cewa da sauƙi na nufin better. Sati uku, Yaya, fayil ɗinsa better, better, better. Ni nake sa hannu a report ɗin. Ni Bahaushiya. Turancin na karanta, ban ji Hausar da ke ƙarƙashinsa ba. Yatsu biyu aka yanke masa."

Ta share ido da bayan hannu, ta ce in buɗe fayil ɗin da ke kan cinyata. Layin nata gajere ne. Ma'anarsa ita ce shugaban gida ya san cewa al'ada da addini suna canza yadda tsoho ke faɗin ciwonsa, ya kuma tsara aiki yadda ma'aikata ba za su tsaya ga amsar baki kaɗai ba. Ta ce wanda ya fi tsaya mata a wuya wani dattijo ne a kwamitin, Mista Kolman. Hujjarsa biyu: wai wannan aikin nas ne ba na shugaba ba, kuma wai ba yadda za a yi a fitar da tambayar jarrabawa daga irin wannan magana.

Na shiga gidan tsofaffin nan da niyyar in raina shi. Wane irin ɗa ne zai kai uwarsa hannun bare? Sai na tarar da tsabtar da ɗakin tiyatarmu bai kai ba, kowane tsoho da gadonsa da hotunan jikokinsa, da igiyar da zai ja a zo. Duk da haka zuciyata ta karye da na ga wata tsohuwa ta ci kwalliya ta zauna tana kallon ƙofa, alhali ranar Laraba ce, 'ya'yanta sai Lahadi. Na kusa yin magana, sai na tuna tsofaffin da ake kawo mana asibiti a ajiye a tafi neman kuɗin magani, a ƙi dawowa. Na kama bakina.

Mun tarar da Baba Isuhu a kujera da carbi, wata nas tana nuna masa kati mai lambobi daga sifili zuwa goma, wai ya nuna inda ciwonsa ya kai. Da ya ji sallamata da Hausa fuskarsa ta haskaka.

"Ɗiyata, ki hwaɗa mata ni ba ni ƙirga abin da Allah ya ba ni."

Na ja kujera. Muka gaisa yadda ake gaisawa, na tambaye shi gida, na tambaye shi Maraɗi, ya tambaye ni ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata. Sannan na ce, "Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Asubar yau a tsaye aka yi ta ko a zaune?"

Ya dube ni ya dubi carbinsa. "A zaune."

"Tun yaushe?"

"Tun Juma'a."

"Ruku'un ne ke ba da wahala, ko tasowa daga sujada?"

"Tasowar." Ya kai hannu ya dafa gwiwarsa ta dama.

Rabi ta sa aka kira likita namiji. Ashe gwiwar ta tara ruwa, ranar aka zuƙe shi. Ba ƙarya Baba ya yi wa kowa ba. Haka aka rene mu duka. Wanda ya zo duba ka ya taka ƙafarsa don alheri, ba za ka sallame shi da baƙin labari ba, kuma cewa jiki ya ƙi sai mutum ya ji kamar ya kai ƙarar Ubangijinsa. Na sha jin da sauƙi daga bakin mutumin da bai kai la'asar ba.

A mota na hura hanci na ce, "Kin gani ko? In kina son jin ciwon mutanenmu, kada ki tambayi bakinsu, ki tambayi sallarsu. Turanci ya sa kin manta." Ta ce, "Haka ne, Yaya." Ina wannan cika baki ƙafata na zogi a ƙarƙashin zani kamar ana dukanta da taɓarya.

Ranar Asabar aka yi zaman ƙarshe, a wani otal a kan titin Wendover. Rabi ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai a gida ba. Shugabar kwamitin, Misis Dorati, baƙar fata ce, tsohuwar nas, mai murya irin ta masu raba faɗa. Ta ce ba zan shiga ɗakin taro ba, amma in zauna a falo, in kuma sha shayi da su. Su goma sha ɗaya ne har da ita. A wajen shayin safe suka lura da tafiyata, ɗaya bayan ɗaya suna tambayata ƙafa. Na ce na ɗan gurɗe a hanya. Da sauƙin nan tawa na juya musu zuwa Turanci, kowa na ce masa, "Better, thank you."

Mista Kolman dogo ne, kansa fari fat. Rabi ta taɓa ratsawa da ni unguwarsu, Irving Park, inda gidaje suke kamar masaukin gwamna amma ba katanga. Na zo da shirin in tsane shi, sai ga mutum ya ja mini kujera da kansa, ya zuba mini shayi, ya tambaye ni ƙafa. Na ba shi amsar da na ba kowa. Ya ce ya ji daɗin jin haka. Ladabin nan nasa ya ƙara ba ni haushi, don ya hana ni abin da zan riƙe.

Da azahar Rabi ta fito fuska a murtuke. "Bayan lunch za a yi vote. Mutum uku ne kawai tare da ni." Ta ƙi cin komai. Ta ce mu je mu yi salla, an ba mu wani ɗan ɗaki a gefe.

Ɗaki ɗaya ne, ba ƙofar da zan turo. Na yi ta maza na tsaya na kabbarta. Ban gama Fatiha ba gumi ya keto mini, ɗakin ya fara juyawa. Na jawo kujera na ƙarasa a zaune. Da muka sallame ban yarda na dube ta ba.

"Yaya," in ji ta. "Tun yaushe?"

Tambayata ce ta dawo mini, ko kalma ba ta canza ba. Na ce, "Tun filin jirgi."

Ta durƙusa ta cire safar, ta warware bandejin. Ƙafar ta yi suntum, daga idon sawu har ƙauri ta koma baƙi da shuɗi. Rabi ta ɗora hannu a ka.

"Kwana shida! Kwana shida kina cikin gidana kina ce mini da sauƙi! Tashi, asibiti za mu yanzu."

"Ƙuri'ar fa?"

"Ta faɗi mana! An yanke yatsun Baba a hannuna, ba za a yanke ƙafarki a hannuna ba."

Ta ɗauki makullin mota da gaske. A nan ne abin ya faɗo mini a rai. Na ce, "Ajiye makullin nan. Ƙafar da ta jira kwana shida za ta jira minti ashirin. Mutum nawa ne a ɗakin can suka tambaye ni ita yau?"

Ta tsaya tana kallona. Na ga lokacin da ta gane.

"Yaya, akwai maza a ciki."

"Na sani. Kama ni mu je kafin in canza shawara."

Ba zan ɓoye ba, wannan ya fi mini ciwon ƙafar wahala. Ni Kulu, matar Alhaji, in buɗe ƙafata a gaban mazan da ban sani ba, in kuma tsaya a gaban abokan aiki a matsayin nas ɗin da ta yi sakarcin da take zagin wasu a kai. Amma na tuna wasiƙar yarinyar nan da ba ta iya roƙo ba.

Rabi ta nemi izinin minti biyar, Misis Dorati ta ba ta. Aka zaunar da ni a gaban tebur. Rabi ta ce duk wanda ya tambayi yayarta ƙafa yau ya ɗaga hannu. Hannu bakwai suka tashi. Ta ce me ta ce muku? Suka faɗa. Ta ce akwai wanda bai yarda ba? Ba wanda ya motsa. Sai na ɗora ƙafar a kan wata kujera na ɗan ja zanina sama.

Misis Dorati ta zagayo, ta danna gefen ƙashin da yatsa ɗaya, na ga taurari. Ta ce, "Wannan karaya ce."

Na tattaro Turancina na makarantar jinya na ce musu ni nas ce fiye da shekara ashirin, kuma ban yi musu ƙarya ba. A harshenmu tambayar nan amsa ɗaya gare ta, mai mura da mai gargara duk ita suke bayarwa. Na ce ƙanwata ma da muka fito ciki ɗaya sai yau ta kama ni, kuma ba da tambaya ta kama ni ba, gani ta yi na kasa tsayuwa a salla.

Wani daga ƙarshen tebur ya ce duk da haka wannan aikin nas ne. Misis Dorati ta ce masa ban da Rabi su uku a ɗakin nas ne, kuma su ukun duk sun ɗaga hannu ɗazu. Ta ce nas tana cike takardar da aka ba ta ne, wanda ke yanke abin da za a rubuta a takardar da abin da za a koya wa nas ɗin kuwa shi ne shugaban gida.

Fuskar Mista Kolman ta yi ja har kunne. Can ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce shekara talatin yana riƙe da gidajen tsofaffi, yau da safe ya ja wa matar nan kujera bai tambayi kansa me ya sa take neman kujera ba. Ya ce mahaifiyarsa 'yar ƙauye ce daga cikin duwatsu, ita ma amsarta ɗaya ce, ba laifi, kuma ita ta ba su har ranar da ta rasu. Sannan ya ce, "Ni ne na ce ba a iya fitar da tambaya daga layin nan. Ga tambayar can a zaune a kan kujera."

Aka kaɗa ƙuri'a ina zaune, ba wanda ya tuna ya fitar da ni. Hannu goma suka tashi. Ta sha ɗayan shugaba ce, ita ba ta kaɗawa sai an yi kunnen doki. Rabi ta rufe fuska da fayil tana kuka, ni kuwa da ƙafata na da lafiya da na taka rawa a otal ɗin nan, kowa ya ce abin da zai ce.

Mista Kolman ya rantse shi zai kai ni asibiti a motarsa. Aka ɗauki hoton ƙashi, ƙaramin ƙashin gefe ne ya tsage. Likitan ya ɗauko katin nan mai lambobi ya ce in nuna. Rabi ta harare ni. Na ce takwas. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ba da irin wannan amsa ba, har na ji kamar na zagi wani. Aka ɗora mini filasta har gwiwa.

Kafin in taho na koma yi wa Baba Isuhu sallama, a keken marasa lafiya. Labari ya riga ni isa. Ya dubi filastar ya ce, "Ɗiyata, ya ƙahwa?"

"Da sauƙi, Baba."

"A tsaye ko a zaune?"

Ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Shi kuwa ranar a tsaye ya yi Asuba, ya tabbatar na ji.

Dawowa ta fi tafiya daɗi nesa ba kusa ba. A kowane filin jirgi ana tura ni a keke, ana buɗe mini hanya, ni ce farkon shiga. Da muka zo wucewa ta gaban matattakalar nan na ce wa mai tura ni ya ɗan tsaya, na kalle ta sosai, sannan muka bi ta lif.

Rabi ta gaya mini ƙuri'ar kwamiti ba ita ce ƙarshe ba, sai an aika wa sauran masu riƙe da gidaje su duba, manya su sa hannu. Wata da watanni shiru, har na fara zargin an yi mana sakiyar da ba ruwa. Sai ran nan Alhaji ya dawo daga gidan waya da ambulan mai kauri. Sabuwar takardar fannonin jarrabawa ce, bugaggiya. A shafi na biyu, ƙarƙashin fannin kula da tsofaffi, Rabi ta ja layi da jan biro. Sun ɗan gyara Turancin, amma layinta ne. Daga yanzu duk wanda ke son riƙe gidan tsofaffi da wannan jarrabawa sai ya zauna ya karanta abin da Baba Isuhu yake nufi.

A gefen shafin ta rubuta da hannunta: "Yaya, ya ƙafa? Kada ki wahalar da kanki da amsa. Na rubuta wa Alhaji ya gaya mini yadda kike salla."

Na ɗaga kai na dubi Alhaji. Ya ce ai tuni ya aika mata, sati biyu ke nan goshina na taɓa ƙasa.